Yadda ake ceto kyanwar da ta rasa gida, a sama mata mariƙi nagari

Kyanwoyin da ke yawo a unguwa iri biyu ne. Akwai wadda aka haifa a kango ko bayan kasuwa, ba ta taɓa sanin hannun mutum ba. Da ta hango ka za ta haye katanga, in ma ka kama ta da wuya ta zauna. Akwai kuma wadda ta taɓa zama da mutane: masu ita sun tashi sun bar ta, ko ta ci 'yan tsaki an sa ta a buhu an kai ta nesa an yar, ko kuma ɓata ta yi. Ita ce za ka gani a teburin mai shayi da safe, wutsiya a miƙe sama, tana goga jiki a ƙafar duk wanda ya zauna. A kanta nake magana, domin titi ya fi yi mata wuya. Ba ta iya gudun mutane ba, yara kuwa ba su rasa dutse.

Kama irin wannan ba abin wahala ba ne. Aikin yana bayan kamun: ci da sha, magani, da neman gidan da ba za a sake yar da ita ba. Hadisin matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwa, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, sananne ne: ta kulle ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Wato daga ranar da ka rufe mata ƙofa ta zama amana a wuyanka. In ka san ba za ka iya kai lamarin ƙarshe ba, gara ka riƙa ajiye mata ruwa da abinci a inda take.

Mataki na farko: tabbatar ba ta da mai ita

A wurinmu kyanwa ba a ɗaure take ba. Takan kwana a gida ɗaya, ta karya kumallo a na biyu, ta yi barcin rana a na uku. Ganinta a waje bai isa hujja ba. Fara da yaran unguwa, sun fi kowa sanin kyanwar gidan wane ce wannan. Sannan ka yi sallama a gidajen kusa, ko ka tura iyalinka su shiga: "Hajiya, barka da gida, ko kun san mai wannan farar kyanwar da ke kwana a bakin masallaci?" Ɗauki hotonta ka sa a WhatsApp na unguwa, ka jira kwana biyu ko uku.

Jikinta ma zai ba ka labari. Mai gida gashinta a kwance yake, yana sheƙi. Wadda ta rasa gida kwanan nan takan rame, gashi ya yamutse, in ka shafa bayanta ka ji ƙashi a tsaye.

Abu guda da ba a tsallakewa: in mace ce, duba cikinta. Idan nonuwanta sun fito, gashin da ke kewaye da su ya kaɗe, to tana shayarwa, kuma 'ya'yan suna ɓoye a wani wuri, cikin silin, ko tsohuwar taya, ko bayan buhuna a sito. Ka ɗauke uwar, ka kashe su ke nan. Bi ta a hankali bayan ta ci abinci har ka ga inda take shiga. Ko dai a kwashe su tare, ko a bar ta a wurin ana ciyar da ita har su kai mako 8.

Mataki na biyu: kalle ta daga nesa kafin ka kai hannu

Sunan ciwon haukan kare yana sa mutane su zaci kare kaɗai yake kamawa. Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 99 cikin 100 na mutanen da suke kamuwa daga kare suke samu, amma kyanwa ma tana ɗauka, tana kuma bayarwa ta cizo ko yakushi. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi.

Don haka tsaya ka lura. Tana dalalar da miyau? Tana tangaɗi ko jan ƙafar baya? Muryarta ta sauya, ko tana kai cizo ga duk abin da ya gifta? Akwai raunin cizo a jikinta? In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ka taɓa ta, kada yara su je kusa, a kira ma'aikatan asibitin dabbobi.

In kuwa tsautsayi ya sa ta cije ka ko ta yakushe ka, ko da jini bai fito ba, ko da lafiyayyiya ce a ido, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, ka duba agogo, sannan ka tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya shafa toka ko man zafi.

Mataki na uku: saye ta da abinci

Zaɓi wuri ɗaya da lokaci ɗaya, misali bayan magariba in ƙafa ta ɗauke. Ajiye ɗan dafaffen kifi ko kifin gwangwani a murfi, da ruwa a gefe, ka ja baya ka tsuguna. Kada ka tsaya a kanta, kada ka ƙura mata ido, domin a wurin kyanwa ƙura ido neman faɗa ne. Kalle ta, ka lumshe ido a hankali, ka kau da kai. Miƙa yatsa ɗaya ta shinshina. In ta goga kumatunta a kai, ta yarda da kai, sai ka sosa mata ƙasan haɓa da bayan kunne. Ciki kam a bar shi, ko ta kwanta ta buɗe shi. In ta kwantar da kunnuwa baya, tana huci, tana kaɗa wutsiya da ƙarfi, bar ta sai gobe. Ko kyanwar Lami ce, in ta tsorata za ta yi yakushi.

Wadda yunwa ta daɗe tana ci ba a cika mata kwano lokaci guda. Kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a yini, in ba haka ba ta amayar, wani lokaci ma ya yi mata lahani.

Mataki na huɗu: shirya gida tun ba ka kawo ta ba

Fara da mutanen gidan. In gidan haya ne, ko gidan gandu mai sassa da yawa, sai an yi shawara. Za ka ji maganganu: wai najasa ce, wai baƙar kyanwa aljana ce, wai gashinta yana hana haihuwa. Ta najasa tana da amsa a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, inda Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya kuma faɗi cewa Annabi (SAW) ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Baƙar kyanwa kuwa launi ne kawai, ita ce ma ta fi shan jifa ba gaira ba dalili. Gashi ba ya hana haihuwa. Amma akwai gaskiya guda biyu da bai kamata a ɓoye ba: mai asma ko mai atishawa in ya kusanci kyanwa zai iya wahala, sannan mai juna biyu kada ta kwashe kashin kyanwa, saboda wata ƙwayar cuta da ke iya cutar da ɗan tayi. Wani ya ɗauki wannan aikin.

Sai ɗaki. Ƙarami ya fi, sito ko ɗakin da ba a kwana, mai iska, taga da raga. Fitar da maganin ɓera, da fiya-fiya, da taki, da kananzir. Sa kwali a kife da ƙofa a gefe, da tsohon zane a ciki, don ta sami wurin ɓuya. Kwanon ruwa da na abinci a kusurwa ɗaya. A ɗaya kusurwar, nesa da abincin, sa faffaɗar roba da yashi mai zurfin kamar yatsa. Ba sai ka sayi na kanti ba, yashin gini da aka tankaɗe ya bushe ya wadatar. Ba a koya wa kyanwa wannan, da kanta za ta tona ta binne. Naka shi ne kwashewa kullum, da sauya yashin gaba ɗaya duk mako, da wanke hannu.

Mataki na biyar: ɗauko ta

Ban da buhu. Tsoron da za ta ji a cikinsa zai rushe duk yardar da ka tara, ga zafi ga rashin iska. Kwandon roba mai murfi ya fi, ko kwali mai ƙarfi da aka huda, a ɗaure da igiya. Mafi sauƙi shi ne ka yi kwana biyu kana sa abincin a cikin kwandon, ranar da ta shiga tana ci sai ka rufe. In ya zama dole ka ɗaga ta, lulluɓe ta da tawul mai kauri, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafe ƙafafun baya. Ba a ɗaga babbar kyanwa ta fatar wuya tana reto. Rufe kwandon da zane, duhu yana kwantar mata da hankali. In tafiyar ta Adaidaita Sahu ce, a yi ta da sanyin safiya, kuma kada a buɗe murfi a hanya don "a ga ko tana lafiya". Da yawa a nan suke tsalle su ɓace.

Mataki na shida: kwana 10 na farko

Ta zauna a ɗakin nan ita kaɗai, ba ta haɗuwa da wata kyanwa, yara ba sa wasa da ita. Dalili biyu ne. Kyanwa ko karen da ke yaɗa ciwon hauka a miyau yakan nuna alama ko ya mutu cikin kwana 10, shi ya sa likitoci suke sa ido na wannan tsawon. Sannan a nan ne za ka ga mura, ko zawo, ko makero, wato inda gashi ya zube ya bar da'ira mai ɓawo. Shi makero yana kama mutane, musamman yara.

Ranar farko tana iya shigewa kwali ta ƙi fitowa. Ƙyale ta. Shiga ka zauna, ka yi magana a hankali, ka fita. Amma in ta wuce kwana biyu ba ta ci komai ba, sai likita.

Maganar abinci ita ce inda aka fi kuskure. Kyanwa maciyar nama ce. Tuwo da miya da ragowar shinkafa za su cika mata ciki, ba za su riƙe ta ba. Rashin wani sinadari da ke cikin nama yana taɓa mata ido da zuciya. Ba sai ka yi tsada ba: kan kifi da aka dafa aka cire ƙaya, zuciya da ƙundun kaza, dafaffen ƙwai, guntattakin nama daga wurin mahauci, hanta kaɗan sau ɗaya a mako. Dafa su a ruwa zalla, ba gishiri ba magi. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, ga shi miyarmu ba ta rasa su. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke ta. Madara kuwa, duk da an saba ba su, yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su. Ruwa mai tsabta ya ishe ta.

Ga kuma abubuwan da ake yi da kyakkyawar niyya su zama ajali. Farasitamol: ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Dettol da Izal: ba a yi mata wanka da su, in an goge ƙasa da su sai ta bushe sarai, domin za ta taka ta lashe ƙafa. Maganin ƙuma da kaska na kare ko na shanu: da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya. Fiya-fiya da Sniper ko kusa kada a kai. Baƙin mai da ake shafa wa dabba mai ƙazuwa, shi ma guba ne. In ƙuma ta yi yawa kafin ka ga likita, taje ta da mataji mai ƙananan haƙora, kana tsoma shi a ruwan sabulu.

Mataki na bakwai: asibitin dabbobi

Kada ka jira ta yi ciwo. A manyan garuruwa akwai asibitin dabbobi na gwamnatin jiha, akwai na kuɗi, akwai kuma na koyarwa a jami'o'i irin su Ahmadu Bello a Zariya, da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Likita nake nufi, ba mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa ba, wanda zai auna mata da ma'aunin akuya.

Abin da za ka nema: a duba ta gaba ɗaya, ido, kunne, haƙori, fata, a kuma ga ko tana da ciki. A auna nauyinta a ba ta maganin tsutsar ciki, wanda akan maimaita bayan mako biyu. A ba ta maganin ƙuma na kyanwa. A yi mata allurar rigakafin ciwon hauka, wadda ake farawa daga wata 3 da haihuwa, ana sabuntawa yadda likita ya rubuta. In suna da allurar nan mai haɗa cuta uku, ta mura iri biyu da ta amai da zawo mai kashe ƙanana, a yi mata, a sake bayan mako 3 zuwa 4. Karɓi katin rigakafi ka adana, zai bi ta sabon gida. In aljihu ya yi nauyi, ka riƙa sauraron sanarwa wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya. A wasu wuraren akan yi allurar kyauta.

Sai maganar hana haihuwa, wadda mutane suke jin nauyinta. Lissafin dai ga shi: kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6, cikin kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane karo 'ya'ya uku zuwa biyar. Mafi yawan kyanwoyin da ake yarwa a bola daga nan suke fitowa. Ka ceci ɗaya ka miƙa ta haka, nan da shekara mariƙin zai rasa yadda zai yi da goma. Ga muzuru aikin ƙarami ne, fiɗiya ce, kuma tana rage masa yawon dare, da faɗa, da fitsarin da yake fesawa a bango. Ga mace tiyata ce, ɗinkin yakan warke cikin kwana 10 zuwa 14. Malamai sun yi saɓani a kai, da dama sun halatta idan akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabbar ba. Ni dai ina ganin ya fi jefa jarirai a kwata. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa.

Mataki na takwas: neman mariƙi

A nan ne ake gaggawa, a nan ne kuma ya kamata a fi jinkiri. Ɗauki hoto mai kyau da rana, ka rubuta gaskiya: mace ce ko muzuru, kimanin shekarunta, an yi mata allura kaza, tana son yara ko tana tsoronsu, tana bin kaji ko ba ta bi. Kada ka ɓoye aibinta, wanda ka ɓoye shi zai sa a yar da ita. Fara da dangi, abokan aiki, da mutanen masallaci, kafin Facebook. Wanda ka san gidansa ya fi baƙon da ya ce a haɗu a tasha. Ni shawarata a bayar da ita kyauta, tunda ko a fiƙihu an yi magana a kan kuɗin kyanwa; in mariƙin ya ga dama ya taimaka da kuɗin allura.

Yawancin masu nema za su ce maka ɓeraye ne suka dame su, musamman masu shagon hatsi da masu sito. Wannan ba laifi ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ajiye kyanwa cikin hanyoyin rage ɓeraye a gida saboda zazzaɓin Lassa. Matsalar ita ce mai cewa, "Ai ba a ba ta abinci, in ta ƙoshi ba za ta yi kamu ba." Ba haka ba ne. Mage mai kwanciyar ɗaukar rai, farauta halinta ce, ƙoshi ba ya hana ta. Mai yunwa ce take barin gida, ko ta koma kan 'yan tsakin maƙwabta.

Don haka yi tambayoyi, cikin ladabi amma ba kunya: "Alhaji, in an rufe shago ranar Juma'a ko lokacin Sallah, wa zai ba ta ruwa?" Ana sa maganin ɓera a wurin? In ana sawa, sai an daina, domin in ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya tafiya. Uwargida ta yarda, ko maigida ne kaɗai yake so? Akwai tantabaru ko 'yan tsaki, a gidan ko a maƙwabta? Akwai kare? Sun taɓa riƙe kyanwa, ina ta ƙare? Amsar wannan ta ƙarshe takan gaya maka komai. Wanda kuma ya zo yana neman baƙa wuluk, ba ya tambayar lafiyarta ko abincinta, yana sauri yana tayin kuɗi, ka ba shi haƙuri.

Mataki na tara: miƙawa da bibiya

Kai ta da kanka, don ka ga wurin da idonka. Tafi da zanen da take kwanciya a kai, da kwanonta, da ɗan yashi daga robarta, da katin rigakafi. Warin da ta sani shi zai sa ta natsu.

Ka jaddada musu abu ɗaya: a riƙe ta a ɗaki mako 2 zuwa 4 kafin a bar ta ta fita tsakar gida. Kyanwa wuri take riƙewa, in aka sake ta a ranar farko za ta kama hanyar inda ta fito, ta haɗu da mota ko karnuka. Ranar da za a fara sakinta, a yi kafin lokacin cin abinci, a bar ƙofa a buɗe, a kira ta da ƙarar kwano. A nuna wa yara yadda ake shafa ta, ban da jan wutsiya, ban da ɗaura mata igiya a wuya. In gidan akwai mota, lokacin hunturu a riƙa buga murfin inji kafin a tayar, saboda suna shiga neman ɗumi.

Kira bayan kwana uku, ka leƙa bayan mako biyu, ka tuna musu ranar allura ta gaba. Kuma tun a ranar miƙawa ka faɗa musu a fili: "In ta gagare ku, don Allah kada a kai ta ko'ina, a kira ni in zo in ɗauka." Saboda haka kwandon da robar yashin kada ka bayar da su tukuna, ajiye su na wata ɗaya ko biyu.